Nauyin Da Jif Ɗina Ta Ɗauko Daga Maƙabarta

Ko na manta da komai na zamana a Gwarinpa, ba zan taɓa mantawa da makon da muka binne Malam Isiyaku tela ba, Allah ya jiƙansa. Maƙwabcina ne na shekara goma, gida shida tsakaninmu, kuma abin da na je na faɗa a zaman makokinsa da bakin nan nawa shi ya ɓata tsakanina da iyalinsa.

Ina da wata tsohuwar jif otomatik da na saya hannun wani ɗan kwangila, ta girmi babbar 'yata. A layinmu Injiniya ake ce mini (takardu nake jerawa a ofis, amma na taɓa ɗaure wa liman kan batir motarsa ta tashi, sunan ya bi ni, ni kuma ban hana ba). Ranar Talatar da Malam Isiyaku ya rasu, cikin tsakiyar damina, motata ce kaɗai makara za ta shiga idan aka kwantar da kujerun baya. Aka zo aro, na bayar da fara'ata. Da aka ce in tuƙa kuwa, nan take ciwon gwiwa ya taso mini. Gaskiyar magana tsoron gawa nake yi, tun ina ƙarami. Yayan mamacin, Malam Haruna, direban tifa ne a wajen Zuba, shi ya karɓi makulli, ni kuma na ɗingisa na shige motar wani maƙwabci. Hanyar maƙabartar duk ta zama taɓo, aka je aka dawo a hankali, Malam Haruna ya ajiye mini motar a ƙofar gida.

Washegari da safe hadari ya haɗu, gari ya yi duhu, layin ba kowa. Ina buɗe ƙofa ƙamshin turaren likkafani ya bugi hancina. Kujerun baya na nan a kwance yadda aka bar su. Na yi bismillah na tayar, na sa giya, na taka totur. Inji ya kwarma ihu, amma motar sai rarrafe take. Na ƙara takawa, allurar inji ta haye sama, gudun kuwa ko mai keke zai wuce ni. Daga ƙarƙashin ƙafata wani sauti ke tasowa, siriri, mai tsawo, kamar nishin mara lafiya.

Na dai daure har kwanar layi, daidai shagon Malam Isiyaku da ke rufe da kwaɗo. Ina murɗa sitiyari na ji ya ƙage, motar ta turje, tayar baya ta yi tsalle sau biyu, sai ka ce wani ne ya riƙe ta daga baya. Na ɗaga ido na kalli madubi. Babu komai sai dogon wurin nan da aka kwantar da shi jiya. Yadda na juya na koma gida, Allah kaɗai ya sani, na dai tsinci kaina a falo rigata sharkaf da gumi.

Na kira makanikena Bulus, mutumin Filato, ashe ya tafi gida.

"Oga, waye ya tuƙa motan last?" in ji shi.

"Ni mana," na ce (ƙarya ta farko ke nan, don ba zan iya ce masa Injiniya guda ya ji tsoron tuƙa motarsa ba).

"Inji yana ihu ne, ko yana shaƙewa?"

"Kawai dai ba ta da ƙarfi," na ce, don ban so maganar ta kai ga nishin.

"To ka duba filta na mai, ka duba na iska, ka duba filogi. Ka ja sandan man giya ka shinshina, in yana warin ƙuna ka bar shi sai na dawo Monday."

Na ɗauki hutun kwana biyu a ofis na tuɓe riga. Na canza matatar mai, na kaɗe ta iska, na sa sababbin filogi. Man giya ja ne garau, ba wari. Duk aikin nan a gaban mota nake yinsa, bonet a buɗe ya kare ni, don ban yarda in ga bayanta ba. Da na gama na gwada a layi, ihun na nan, rarrafen na nan, kuma a ƙofar shagon nan ta sake turjewa (kwanar ce kaɗai a layinmu, amma wannan tunanin bai zo mini ba sai daga baya).

Ranar Alhamis da yamma na yi ta maza na buɗe ƙofar baya don in tayar da kujeru. Sai ga wani ɗan siririn farin ƙyalle maƙale a ƙugiyar kujera, iska na kaɗa shi a hankali. Ban taɓa shi ba. Na mayar da ƙofar na rufe.

"Baban Ummi, ka jira Bulus mana," in ji matata Hauwa. "Mota ce fa, ƙarfe ce."

"Ke ba ki san mota ba," na ce mata. "Duk abin da ido zai gani na duba. Wannan ba na makanike ba ne."

Ran Juma'a da safe aka yi sadakar uku. Na rarrafa da motar har ƙofar gidan makokin don ta zame mini shaida. Ɗaki biyu suke haya, maza na zaune kan tabarmi a ƙarƙashin rumfa, daidai tagar ɗakin da matar marigayin, Maman Sadiya, ke takaba. Liman ya shafa fatiha, ana rabon waina, sai na yi gyaran murya. Har ga Allah a lokacin gani nake taimako na zo yi.

"Allah gafarta malam, akwai wata magana mai nauyi," na ce. "Tun ranar da aka ɗauki marigayi, motata ba ta koma daidai ba. Nishi take, kuma ba ta yarda ta wuce shagonsa. Ina ganin kamar bai sauka ba. Ko iyalinsa za su bincika, in akwai wani abin da ya bari tsakaninsa da wani, a nema masa yafiya ya samu ya kwanta."

Mai rabon waina ya tsaya da faranti a hannu. Liman ya buɗe baki zai yi magana, sai Malam Haruna ya miƙe, idonsa jawur saboda kukan kwana uku, ya miƙo mini hannu.

"Injiniya, ba ni makullin."

Ya shiga ya tayar, ya taka birki, ya mayar da giya furi. Sai ya kama wata 'yar guntuwar sanda da ke gefen babbar giya, wadda tun da na sayi motar ban san mata wani amfani ba sai rataya carbi, ya tura ta gaba, ta ce ƙwas. Ya ja motar. Jama'a, kamar an sake ta daga mari! Ta sha kwanar shagon sumul, ta je ƙarshen titi ta dawo, ba ihu ba nishi.

"Giyar taɓo ce, ogzilari," ya ce yana ba ni makulli. "Ni na saka ta a hanyar maƙabarta. Hankalina ba ya jikina, na manta ban cire ba. In tana ciki ko ka taka totur har ƙasa ba za ta yi gudu ba, kuma a kan kwalta dole ta turje a kwana. Ka yi haƙuri, laifina ne."

Haƙurin nan da ya ba ni ya fi mari zafi. Da ma an yi mini dariya da na samu sauƙi, amma ba wanda ya ko murmusa, kowa ya sunkuyar da kai. Ina laluben takalmina sai muryar Maman Sadiya ta fito ta bayan labulen taga, a hankali, ba faɗa a cikinta.

"Injiniya, shekara goma Malam yana tafiya kasuwar Wuse sayen zare, kana wuce shi a bakin titi ka yi masa hon. Yana raye bai taɓa shiga motarka ba. Sau ɗaya tak ya shiga, shi ma ba da saninsa ba. Me zai zauna yi a ciki?"

Ban san abin da na ce ba. Na san dai na duƙa a gaban tagar ina ta "a yafe mini, a yafe mini", kunya ta rufe ni har ina jin kunnuwana na zafi. Ta ce ta yafe. Liman ya ƙara da nasiha a kan cewa wanda ya tafi ya tafi, bai ambaci sunana ba, amma kowa ya san da wa yake.

Abin da na koya ba shi da yawa. In mota ta ƙi gudu, a fara tambayar mai ran da ya tuƙa ta ƙarshe, a faɗa wa makanike gaskiya, a ƙyale bayin Allah da ke kwance. Yanzu kuwa duk wanda na gani a ƙasa a layinmu sai na taka birki, har an fara ce mini ɗan tasi. Sau uku ina tsaya wa Maman Sadiya tun da ta fita takaba, sau ɗaya ma ana yayyafi. Kullum sai ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi Hauwa da yara, sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Na gode, Injiniya. Mun saba da ƙafa."