Rasuwar Katangar Ƙofar Gidana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Labbo na Bungudu nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar katangar ƙofar gidana. Ta faɗi ranar Talata da hantsi, bayan ruwan kwana uku, tana da shekara arba'in da ɗoriya.

Mahaifina ne ya gina ta da tubalin jar ƙasa. Ba ta yi makaranta ba, ba ta san ofis ba, amma ta san aikinta. Tun shekarar da na faɗo daga kan rumbu, bayana ya daina riƙe ni, ita ta karɓi aikin. Kullum da safe sai a shimfiɗa mini buzu a gindinta in jingina, masu tafiya gona su gaishe ni, in amsa a zaune kamar kowa. Shekara goma sha tara muna haka, har bayana ya ci mata wani ɗan kwarmi daidai inda ƙashin ya karkace. Ban taɓa samun abin da ya zauna mini daidai kamar kwarmin nan ba. Ba ta taɓa cewa na yi mata nauyi ba, ba ta kuma taɓa duba agogo ina cikin magana ba.

Bukatarta ba ta taka kara ta karya ba. Kafin damina a kwaɓa ƙasa da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa, a yaɓe ta, shi ke nan. Matata Lami, Allah ya jiƙanta, ita ke jiƙa makubar, ita ke tsayawa a kan mai yaɓe kada ya taɓa kwarmin.

Ciwon ajalinta a bayan a-kori-kura ya zo, cikin buhu. Ɗana Dalhatu, akawu a Gusau, ya sami kuɗin Udoji bara, ƙarin albashin nan na ma'aikatan gwamnati, ya iso da sabon takalmi da sabon tunani.

"Baba, wagga katanga kunya taka ba ni in na zo da abokaina," in ji shi. "Siminti za a yi mata, ka huta da yaɓe har abada."

Na ce, "Dalhatu, ƙasa numfashi taka yi. In ka toshe ta, ruwa ya shiga, ta ina za shi hita?"

Ya yi mini dariyar masu takarda. Maginin da ya ɗauko daga Gusau kuwa da kwarmin ya fara, ya cike shi tsaf, wai katanga ta lotsa.

Ta yi kyau, ban musa ba. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna sa wa Dalhatu albarka, ni kuwa ina zaune a karkace kamar buhun da aka jingine a kasuwa. Da ruwan bana ya kankama, simintin ya tsage daga sama, ruwa na shiga ba ya fita. In ka ƙwanƙwasa ta sai ta ce ƙwal-ƙwal, ita da a da ba ta amsawa. Maƙwabcina Ishaya, tsohon malamin asibiti, ya kara kunne ya saurara.

"Malam Labbo, wannan marar lafiyar ba za ta ga kaka ba," in ji shi. "Ka bar zama a nan."

Ranar Litinin ya janye buzuna da ƙarfi, na yi masa faɗan da bai cancanta ba. Washegari ta ce rim, sau ɗaya, ta kwanta daidai inda nake zama. Ana ta yi mini barka, har yanzu ban gane da me ba.

Ta rasu ta bar buzu ɗaya, da awaki biyu da ke susa a jikinta, da ni. Ta kuma bar Dalhatu, wanda bai sami zuwa ba saboda aiki. Takarda ya aiko: tunda ba ni da wurin zama, ranar Asabar zai turo mota a kai ni Gusau, akwai ɗaki a bayan gidansa da kujerar ƙarfe. Na san ɗakin. Tagarsa makewayi take kallo, babu mai wucewa ya ce mini ina kwana. Tsoron ɗakin nan nake ji, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Za a kwashe gawar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Simintin a zuba shi a kududdufi, ban yarda a haɗa shi da ƙasarta wuri ɗaya ba. Ƙasar a tara ta gefe, domin Ishaya ya ce in kaka ta yi za a sake kwaɓa ta a ta da wata. Na gode masa. Katanga kam sati biyu ya ishe ta. Kwarmin ne ya ci shekara goma sha tara, ni kuwa ba ni da wasu sha taran a gaba.

Ana karɓar gaisuwa a zaure har zuwa safiyar Asabar. Wanda ya zo zai same ni a kwance, kada ya tsaya jiran in tashi zaune.