Mai Gajimare da Kujerun Kawu

Ba kowane shagon hayar kujeru da rumfuna ke dace da mai digirin kwamfuta ba. Shagon Kawu ya dace. Ɗan ƙanwarsa ya gama jami'a, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya buɗe baki, sannan ya yanke shawarar tausaya wa ƙananan 'yan kasuwa. Ranar da ya fara aiki ya ture ƙarafan rumfa gefe, ya kafa tebur a lungu, ya manna takarda a bango: Daraktan Sauya Fasali. Waɗanda zai yi wa daraktan su biyu ne, direban motar kaya da wata fanka da ba ta juyawa.

"Kawu, zamanin sayen manhaja ya wuce," in ji shi, yana kaɗa biro. "Yanzu haya ake yi, kamar yadda kake ba da kujera. Tana can a gajimare, wato a intanet. Mu biya kuɗin wata, masu ita su gyara, su sabunta, mu kuma mu ci riba muna kwance."

"Haya dai?" in ji Kawu. "To idan ƙafarta ta karye, wa zai biya?"

Daga ranar direba ya laƙaba masa Mai Gajimare. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Abin takaicin shi ne, manhajar ta yi aiki. Aka daina ba gida biyu rumfa ɗaya a rana ɗaya. Kujerun da ke zuwa biki su ƙi dawowa suka fara dawowa. Mutane suna kama rana ta waya, ba sai sun tako ba. Da ta gaza tun farko, da bawan Allah ya tsira da mutuncinsa. Sai ga shi ta yi nasara, kansa ya kumbura har hula ta daina zama. Ya sayi tabarau, alhali idonsa garau yake. Kowace magana sai ya fara ta da "mu a fannin fasaha", ko da ruwan sha zai roƙa.

Kujera kuwa bai taɓa ɗauka ba. Darakta ba ya dako.

Wata rana masu manhajar suka ƙaro sabon abu, wai ƙirƙirarriyar basira mai bin kwastoma da saƙo bayan an kai masa kayan taro don kada ya manta da kai. Akwai wani gurbi da ke tambayar wane irin taro ne aka yi. Mai Gajimare ya dube shi a wulaƙance, ya goge.

"Ɓata lokaci ne," ya gaya wa fanka, don direba ya fita. "Kwastoma kwastoma ne, taro taro ne. Sauƙaƙawa ita ce sirrin manya."

Saƙon ma bai bar wa na'ura ta rubuta ba. Shi da kansa ya wuni yana gyara shi, ya ƙawata shi da hotunan balan-balan, ya danna ya tafi gida yana jin ƙamshin kansa.

Abin da Daraktan bai sani ba, domin bai taɓa bin mota ba, shi ne kusan rabin kujerun Kawu gidan rasuwa suke zuwa.

A makon ne ƙanen Baba Hedimasta ya rasu. Baba Hedimasta aminin Kawu ne tun suna yara, shi ne kuma ya koya wa Mai Gajimare karatu a firamare. Masu ta'aziyya suna zaune a kan kujerun shagon wayar tsohon ta yi ƙara. Ya ga sunan shagon amininsa, ya ɗauka gaisuwa ce, ya sa tabarau, ya karanta wa jama'a da ƙarfi.

Kafin yamma Kawu ya tasa ƙeyar Darakta zuwa gidan. A mota magana ɗaya ya yi.

"Da mutunci na gina shagon nan, ba da gajimare ba. Idan mutumin nan bai yafe ba, ka naɗe kwamfutarka ka koma ɗakin uwarka."

Ɗakin uwarsa! Ya tuna yadda take sauya hira duk lokacin da maƙwabta suka tambaya ko ya samu aiki. Tabarau ya cika da gumi. Duk da haka, da ya durƙusa gaban tsohon, bakinsa bai daddara ba.

"Baba, mu a fannin fasaha, irin wannan matsala daga tsarin take."

"Tsarin ɗan wane gida ne?" in ji Baba Hedimasta. "A kira min shi."

Tsohon ya duba hagu da dama, sannan ya miƙo wayarsa.

"To tunda bai zo ba, kai karanta. Da ƙarfi, yadda na koya maka. Ka tsaya a aya."

Mai Gajimare ya karɓi wayar ya karanta. "Mun ji daɗin kasancewa tare da ku a wannan taro mai daɗi! Muna fatan za ku sake yin irinsa nan ba da jimawa ba. Duk wanda ya maimaita kafin ƙarshen shekara yana da rangwame. Ku sanar da 'yan uwa, kada a bar kowa a baya!"

Wani a can baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Kawu ya zura wa ƙasa ido kamar yana neman ƙofa.

"Mu biyu muka rage a gidanmu," in ji tsohon a hankali. "Yanzu saura ni. Kafin ƙarshen shekara ka ce ko? Zan yi ƙoƙari, ɗana, amma ban yi maka alkawari ba."

Rumfar ta fashe da dariya, har masu hawaye. Tsohon ma ya dara, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido. Wannan gogewar ta fi dariyar yi wa Mai Gajimare ciwo. Har yau idan waya ta yi ƙara kusa da shi, sai gabansa ya faɗi.

"Kada ka kore shi," Baba Hedimasta ya ce wa Kawu. "Yaron ya iya aika saƙo, bai dai san inda kujera take zuwa ba. Bar shi ya riƙa bin ta."

Ranar da aka tashi zaman makokin, Darakta ne ya kwashe kujerun a ka. Da ya tsaya shan iska a gindin mota ya leƙa manhajar, sai ya tarar tana taya shi murna. Ba a taɓa karanta wani saƙon shagon kamar wannan ba, an tura shi daga waya zuwa waya har unguwannin da ba su taɓa jin sunan Kawu ba. Ga mamakinsa, wani abu mai kama da alfahari ya motsa a ƙirjinsa.

"Kawu," ya ce, "idan fa aka duba ta fuskar talla..."

Kawu ya ɗora masa wani jerin kujeru a ka, ya gyara musu zama da kyau.

"Duba ta fuskar hanya, akwai kwata a gabanka."