Rasuwar Moș Clanță, Kerkecin Katako

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Domnica Tudose, mai wasan 'yan tsana a wannan gari namu na kusa da birnin Suceava, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da malaman firamare rasuwar abokin aikinta Moș Clanță, kerkecin katako, wanda ya cika ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, a bakin aiki, yana da shekara talatin da huɗu a duniya.

Mahaifin Domnica ne ya sassaƙa marigayin daga guntun iccen da ya rage masa bayan ya gama cokulan sayarwa. Gashinsa daga tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarta aka yanko. Idanunsa maɓallai ne na gilashi, ɗaya ya fi ɗaya girma, shi ya sa ko a akwati yake kwance sai ka ce yana zarginka da wani abu. Sunan kuwa, wato Tsoho Mai Kwas-kwas a harshen garin, daga ƙarar muƙamuƙinsa ya samo shi, kwas kwas, ƙarar da ko yaran layin baya suna jin ta.

An shaide shi da riƙon aiki. A tatsuniyoyin kakanni da ƙungiyarsu ke nuna wa yara, ya haɗiye tumaki, ya tare makiyaya a hanya, ya yi wa 'yar sarki ƙarya, kuma ƙarshen kowane wasa ko a jefa shi rijiya ko a babbake masa wutsiya, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Ya sha tafiya a bayan mota cikin dusar ƙanƙara zuwa ƙauyukan da ko motar burodi ba kullum take zuwa ba. Aibinsa ɗaya ne, nauyi. Shi ya karkatar da kafaɗar Domnica ta dama.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Oktoba. Domnica ta zare hannu daga cikinsa bayan wasa, sai ta ga wani gari-gari a hannun rigarta kamar garin masara. Ta ɗaga kunnensa, ga ramuka uku kamar na allura. 'Yar masassaƙi ce, ta san aikin tsutsar katako, ta kuma san ƙa'ida: wanda ya kamu a raba shi da sauran, in ya ci jiki a ƙone. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗura masa kananzir da sirinji, ta toshe ramukan da kakin zuma, ta kwantar da shi kwana uku a firizarta tsakanin ledojin nama. Daga nan ta mayar da shi akwati cikin 'yan uwansa, don in babu shi a ciki Gavril zai tambaya.

Gavril shi ne abokin tsayuwarta a bayan labule tun suna da baƙin gashi, shi ke riƙe da makiyayi.

"Ke Domnica, me ya sa tsohon nan yake warin fitila?" ya tambaye ta wata rana.

"Hancinka ne ya tsufa," in ji ta. "Da za ka shinshina rigarka da ba ka kula da warin kowa ba."

Ranar Alhamis ɗin suna wata makarantar ƙauye, yara sun cika ɗakin motsa jiki suna zaune a ƙasa. An zo wurin da kerkeci ke tare makiyayi a kan gada. Marigayin ya wangale baki kamar yadda ya saba, sai muƙamuƙin ya ɓalle, ya faɗo gaban labule, ya gangara har ƙafar malamar yaran.

"Ce wani abu, baiwar Allah," Gavril ya raɗa mata.

Domnica ta ɗauko muryar kerkeci. "Makiyayi, ka dai ga yadda tsufa ya yi da ni. Bar tumakin nan. Ko akwai tuwon masara mai laushi a jakarka?"

Yara suka kwashe da dariya har wasu na kwanciya. Haka aka ƙarasa wasan, ita kuwa tana jin kan yana marmashewa a yatsunta kamar busasshen burodi. Da ta zare hannu, rabin ƙeyarsa ya biyo ta.

Da suka fito filin makaranta, Gavril ya tsaya. Nan ya buɗe akwatin, ya fiddo makiyayinsa, ya juya ƙafar hagu. Ramuka biyar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Oktoba."

"Wata biyar kenan kina kwantar da shi kusa da nawa."

"Da na faɗa, da kun ƙone shi."

"To yanzu guda nawa za mu ƙone?"

Ta rufe akwatin, suka loda shi a mota.

Tun daga ranar Domnica ba ta zauna ba. Ta naɗe abin da ya rage a tawul ta kai wa Zamfir kafinta. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kira ta Tanti, wato inna, ya ce, "Tanti, ƙusa sai ta samu abin kamawa. Nan babu katako, fenti ne kawai ke tsaye." Ta kai wa wani a ƙauyen gaba, shi ma haka. Ta wanke kantocin ɗakin ajiya sau uku. Takan ɗora ruwan kofi ta fita ta manta, ta dawo ta tarar ya ƙafe. A hanya hannunta na dama yakan buɗe ya rufe da kansa, sai ta cusa shi a aljihu.

Marigayin ya bar tumaki huɗu, da dila, da 'yar sarki, da dodo mai kai uku, da kuma makiyayi, wanda shi ne ya fi jin jiki. Dukansu suna kwance a ɗakin sanyin Ilarie mahauci, inda za su yi mako biyu ko tsutsar ta mutu. An ɗage wasa a makarantu goma sha ɗaya, kuma Domnica ta san saboda wa. Safe da la'asar tana ƙofar mahaucin.

"Tanti, ba fa guduwa za su yi ba," in ji Ilarie.

"Buɗe dai in gani."

Shekaranjiya, bayan kwana shida ba ya ɗaga wayarta, Gavril ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ya tsaya a bakin ƙofar da hula a hannu.

"Zamfir ya duba su. Sauran lafiya lau. Makiyayi sai an yanke ƙafar an sa wata. Zai yi ɗingishi."

"Sai mu ce kerkeci ne ya cije shi," ta ce a hankali.

Bai yi dariya ba. Amma ya goge takalmi ya shigo, ya sha kofi har kofuna biyu, ita tana tsaye tana zagaya tebur. Da zai tafi ya ce, "Ba za ki iya ƙyasta ashanar ba, na san ki. Bar mini."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a filin da ke bayan ɗakin ajiyar ƙungiyar. Saboda irin ciwon, ƙonewa za a yi a cikin durom. Gavril ne zai hura wutar. Fada, limamin coci, ya ce wannan ba huruminsa ba ne, amma matarsa za ta aiko da dafaffiyar alkama mai zuma irin ta makoki. Mai son yin ta'aziyya ya nemi Domnica a hanyar gidan mahauci, don ba a cika samunta a gida ba.

Ana roƙon yara, da manyan da suka taɓa zama a ƙasa gabansa suna yara, kada su zo da furanni, kada kuma su tsaya shiru. Idan hayaƙi ya tashi, su yi masa ihu, su buga ƙafa, su kore shi da ƙarfinsu, don bai taɓa sauka daga dandali ba sai da rakiyar ihu.