Mangwaro a Kan Iyakar Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ranar da na kai ilimina wani ƙauye bayan Gazawa ina taƙama, na dawo ko gaisuwa ba na iya amsawa da ƙarfi.

Lokacin ban daɗe da gama karatun ordinater, wato kwamfuta, a Maraɗi ba, na samu aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, mai taimaka wa manoma. Kaina na rawa, ga tabarau a fuska (idona lafiya lau, na gayu ne kawai). Wata ƙungiyar mata ta samu fili za ta yi lambu. An yanka shi gida-gida kamar na dara, gida arba'in da takwas, kowanne metir goma tsawo, goma faɗi, an kafa turaku a kusurwoyi. Kowace mace da gidanta, kuma a tsakiyarsa za a dasa mata mangwaro ɗaya. Ni aka ce in fitar da wurin kowane rami.

Wannan ma aiki ne? Na rubuta wa ordinater 'yan layuka: ɗauki lambar gida, ninka ta sau goma, ga nisansa daga kusurwar fili, haka ta gabas, haka ta arewa. Na san daga sifili take fara ƙirga, har alfahari nake da sanin hakan. Abin da na manta shi ne ƙara rabin gida, metir biyar kacal. Ban ko duba ba, na zuba sakamakon a wayata.

Ranar dashe ga mai gari, ga mata, ga maza da diga, ni a gaba waya a hannu. Ta kai ni can ƙarshen fili, daidai kan layin gambar da ya raba lambun da gonar wani dattijo, Malam Idi. Na nuna da ƙafa na ce a haƙa, aka tumɓuke gamba, aka haƙa. (Ko ɗan goye a ƙauye ya san wanda ya dasa icce a wuri ya ce wurin nasa ne. Kuma da ƙyar mai gari ya sasanta rikicin wannan iyakar bara. Ni kaɗai ne ban yi tunanin komai ba.)

Sai ga Malam Idi yana tafe yana huci.

"Kai yaro, mi kuke haƙa bisa iyakata?"

"Baba, ordinater ce ta nuna nan."

"To tambaye ta, ita da ubana wa ya riga sanin gonar ga? In icce ya shiga ramin ga, ba lambu sai mun dawo daga gaban alƙali!"

Matan suka zuba mini ido. Shekara biyu suna neman filin nan. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, na ce a biyo ni ciki in nuna musu lissafi ba ya ƙarya. Waya ta tsayar da ni a kan turke, inda gida huɗu suka haɗu. Mata huɗu suka kewaye ni, ɗaya ta kira ni yallaɓai da Faransanci ta ce, "Mushe, wanga mangwaro na wacece cikinmu?"

Shugabar ƙungiyar, Inna Hajo, ta matso. Ta kwance igiyar guga, ta ja ta daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can tsallake, ta ninka ta biyu, ta taka wurin. "Ɗana, ga tsakiya. Kai gefe-gefe kake bi."

Nan take na gane. Na buɗe ordinater, na ƙara rabin gidan nan, sai ga waya ta kai ni daidai kan ƙafar Inna. Na gyara tabarau na ce, "Kun gani? Ordinater ta yarda da Inna." Har mai gari sai da ya riƙe ciki don dariya. Wallahi na ji kunya, na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Idi ya haƙura, amma da sharaɗi: wanda ya sa a haƙa shi zai cike. Na durƙusa da wandona mai guga, na mayar da ƙasa da hannu, na sake dasa gambar, yana tsaye a kaina yana cewa, "Matsa hagu kaɗan, ko sai ordinater ta hwaɗa maka?"

Har gobe na iya aikina, kuma ba na shakkar faɗa. Sai dai yanzu duk lissafin da na rubuta, gidan farko da ƙafata nake aunawa, ni kaɗai, kafin a kira mai gari.