Motar da Na-Sani Ya Zaɓa Mana

"Ni fa mota, da jin ƙarar rufe ƙofarta nake gane abin da cikinta zai ɗauka!"

Haka mijin yayata ya faɗa yana dukan ƙirji, ranar da ya ji ni da ƙanena muna neman motar da za ta riƙa kai mana baburanmu filin tsere. Ka san baburan nan masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, na gudu cikin laka da tudu. Ba a hawa titi da su, ɗaukarsu ake yi. Shi kuwa mutumin, Na-Sani muke ce masa a bayan idonsa, don ko asibiti ya je, shi ke gaya wa likita ciwon da ke damun likitan.

Na ɗauko abin awo zan sa aljihu, ya fizge. "Kai ƙanina, wurin tela za mu?"

A wurin dillali aka nuna mana wata farar mota mai dogon rufi. Na-Sani ya taɓe baki. "Wannan ai kejin kaji ne." Can ya hango wata ja, gajera, mai baƙin gilashi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ya buɗe ƙofarta, ya rufe garam, ya lumshe ido yana saurare.

"Babura biyu, har da wurin miƙe ƙafa."

"Ranka ya daɗe, ai ka fi ni sani," in ji dillali, ya yi maza ya danƙa masa makulli kafin mu buɗe baki.

Safiyar tsere sai muka tuna babu abin da za a bi ta kai a tura babur cikin mota. Gogan naka ya shiga gida ya ɓallo ƙyauren ɗakin ajiyar Yaya, ya jingina a bayan mota. Muka turo babur ɗina, kansa ya daki rufi ƙwal.

"Sanyin safiya ne," in ji shi. "Ƙarfe yakan tsuke. Ku sace iskar taya."

Muka sace. Ƙwal!

"Matsalarku tsoro. Da gudu ake shigar da shi. Ba ni nan."

"Yallaɓai, ka taɓa hawa kuwa?" ƙanena ya tambaya.

"Tun kana rarrafe."

Ya hau, ya murɗa totur. Wallahi babur ya shiga, shi ne dai bai shiga ba. Goshinsa ya gaisa da bakin rufi, ya dawo ya zauna daɓas a kan ƙyaure, ƙyaure ya dare biyu. Yaya ta leƙo ta saki salati. Shi kuwa yana dafe da ƙulu kamar ƙwan agwagwa ya ce, "To, ba ga shi ciki ba?"

Na biyun sai da muka kwance masa tayar gaba da kai, duk da haka ƙofa ta ƙi rufuwa, muka ɗaure ta da igiya.

Muna sauka daga kwalta, kwatamin farko ja-gajera ta kwanta rub da ciki. Na-Sani ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa.

"Ku bar ta, numfashi take ja."

Daga nesa muna jiyo rugugin babura, an tashi tseren da muka yi watanni muna shiri. Ƙanena har idonsa ya kawo ruwa. Muka sauke namu, muka mayar da taya, muka buga iska da famfon hannu, sannan muka ɗaura igiya a gaban mota, babura biyu suka ja ta. Na-Sani ya zuro kai ta taga zai ba mu umarni, tayar bayan babur ɗina ta cika masa baki da laka.

Haka muka shiga fili, daidai lokacin da ake tafa wa waɗanda suka ci. Tafi ya tsaya. Kowa ya juyo. Wani dattijo cikin 'yan kallo ya tako a natse, ya leƙa taga, ya dubi Na-Sani da ba ka ganin komai a fuskarsa sai ido.

"Malam, don Allah ba ni shawara. Ni ma ina da irin motar nan a gida. Wane babur ya kamata in saya ya riƙa kai min ita unguwa?"