Faci Uku da Guduma

Ko zan manta da komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na zazzage wasu 'yan ƙarafa guda uku a kan teburin wani dattijo ɗan Sin ba, ina zuba masa faɗa da Turancin da na koya da furfura a kaina. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, kuma ni hannuna ba shi da sauƙi.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san abin ba daga sama ya faɗo ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da injin markaɗe a Kurna, can Kano. Ban san ko bihim ba a boko sai da na kai talatin da tara, na shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi ta ja har na zauna jarrabawar gama sakandare shekara ɗaya da 'yata ta biyu. Ita ce ta zo karatu nan unguwar Setapak, na biyo ta dubiya, na ga iyaye da 'yan kasuwa a gida suna neman mai saya musu kaya ya aika, sai na kama ɗan sito a kasuwar Chow Kit na zauna. Hijabai, takalma, turare, kayan waya. Abu biyu na fito da su daga wannan tarihin. Na farko, duk takardar da aka miƙo min sai na bi ta da yatsa har layin ƙarshe. Na biyu, na yi imani kowa jira yake ya cuci matar da ta yi karatu da girma. (Sau da yawa kuma ina da gaskiya. Abin da ya ɓata ni ke nan.)

To, sai Sagiru ya kira ni. Sagiru ɗan yayana ne, injiniya a wani kamfani da ke gyaran jiragen ruwa a Legas. Ya ce akwai jirgin da injin ɗaga kayansa ya tsaya, wanda su suke kira kiren, shaf ɗinsa ya murɗe. Na ce ya yi min Hausa. Ya ce in ɗauka farfelar mota ce, ƙarfen nan dogo da ke kai juyi daga inji zuwa taya, sai dai wannan daga inji yake kai juyi zuwa gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe, wadda ke ɗaga kaya daga ƙasa zuwa cikin jirgi. Babu shi, kiren ɗin gunki ne, jirgin kuma ba ya aiki. Sun sami irinsa a wani kamfani a unguwar Kepong, nan Kuala Lumpur. Ana buƙatar wanda zai karɓa, ya haɗa takardu, ya sa shi a jirgin sama ranar Alhamis. Ogansa yana da wakilin da ya saba da shi, amma Sagiru ya tsaya kai da fata ya ce a ba gwaggonsa, ya ce shi ya tsaya mata.

"Gwaggo, sunana na ajiye a kan aikin nan," ya ce. "Kuma ba sai kin wahalar da kanki ba. A akwatinsa zai zo, a akwatinsa za ki miƙa."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni na yi masa wankan jarirai, ba zai koya min aika kaya ba.

Ranar Litinin motar kamfanin ta sauke min akwatin katako, dogo, mutum uku suka kama. Tare da shi akwai takardar shaida mai hatimin ma'aikaciyar da ke duba kayan jiragen ruwa. Na bi ta da yatsa. Akwai wani layi mai lambobi da ban gane ba, na wuce shi da fuskar wadda ta gane. Da safiyar Talata kuwa na ce ni dai ban taɓa aika ko ɗankwali ban buɗe na gani ba, ba kuma a kan ƙarfe zan fara ba. Na zare ƙusoshin.

Kyakkyawan ƙarfe ne, ba ƙarya. Shuɗin fenti, kauri kamar cinyata, in an tsayar da shi zai kawo min ƙirji, kowane kai da gaɓa mai lanƙwasawa kamar gwiwa. Ina shafa shi sai hannuna ya ci karo da wani abu. Ɗan ƙarfe ne kamar kwalin ashana, an ɗana masa walda a jiki, an bi da fenti an rufe. Na juya, ga wani kusa da shi. Can ɗaya kan ma ga na uku. Ba a jere suke ba, ba girmansu ɗaya ba, kowanne a inda ya ga dama.

Jama'a, ni na san faci. Wani mai walda ya taɓa sayar min da ƙarfen injin markaɗe a matsayin sabo, ashe tsagagge ne ya toshe ya shafa fenti, ya tashi karyewa sai ana gobe Sallah, mata sun yi layi da bokitan tumatir har bakin titi. Tun daga ranar na rantse ba mai sake yi min haka. Yanzu ga shi an biyo ni har ƙasar Malesiya da wannan tsohuwar dabara, an ga mace, an ga baƙa, an ga ɗaurin ɗankwali, an ce wannan ba za ta gane ba.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya ɗauki hoto ya tura wa Sagiru. Wayar tana hannuna. Amma na ce Legas yanzu barci suke, kuma hoto ba ya nuna tsaga, tsaga tana ƙarƙashin faci. Na leƙa wajen maƙwabcina, wani mutumin Indonesiya mai gyaran murhun gas, na ari guduma da cizal. Ya biyo ni ya ga abin da zan dosa, ya ce, "Boleh ke, Kak?" wato anya kuwa, Yaya. Na ce masa boleh ƙwarai, ya koma kan murhunsa.

Na farko ya ba ni wuya, sai a bugu na bakwai ya ɓalle. Na goge wurin. Ƙarfe sumul, ba tsaga ko ta gashi. A nan ya kamata in tsaya. Sai na ce ai tsagar tana ƙarƙashin na biyu. Na ɓamɓare na biyu, sumul. Na uku, sumul. Kun san abin da na yanke? Na yanke cewa mutanen nan sun fi mai waldan Kurna wayo, tsagar tana ta ciki. (Kai in ya riga ya yanke hukunci, ko me ido ya kawo masa sai ya mayar da shi shaida.)

Kafin in fita na yi abu na biyu. Muna da zaure a waya na 'yan kasuwarmu na nan, su masu kargo da masu sayar wa ɗalibai kaya. Na danna na yi saƙon murya na minti huɗu cur. Na ambaci kamfanin, na ambaci unguwar, na ce gwanjo suke fentawa, na ce Allah ya sa a hannuna suka faɗo. Kafin in sami tasi har an fara turo min addu'a da jinjina.

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya na isa Kepong, gefen zanina ya jiƙe sharkaf. Mai kamfanin wani dattijo ne siriri, kowa Ankul Tan yake ce masa. Yana zaune da baƙi biyu masu hular kwano a cinya, da wata mata Bamaleshiya mai farin gilashi da ɗan mayafi ruwan toka, tana cin abincinta a leda. Ban yi sallama ba, ban jira layi ba. Na kwance ƙullin hankicina na zazzage ƙarafan a kan gilashin teburinsa, suka yi ƙara.

Abin da na faɗa yana da yawa. Na ce masa ni ba yarinya ba ce. Na ce shekarata goma sha ɗaya da inji. Na ce ya ga baƙar mace ya ɗauka tunkiya ce. Na ce duk wadda ta buga hatimi a takardar nan ko makauniya ce ko an ba ta na goro. Inda Turanci ya ƙare min na ci gaba da Hausa, don faɗa ba ya buƙatar tafinta.

Ankul Tan ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki na biyu ya auna a tafin hannu. Da ya yi fushi da na ji daɗi. Sai ya ɗago a hankali ya ce, "Madam, wanne kika cire daga wane wuri?"

Na ce wannan ba shi ne zancen ba.

Ya ce, "Shi ne zancen, lah," da wannan lah ɗin da mutanen nan ke rufe magana da shi.

Matar nan mai gilashi ta ajiye cokalinta, ta goge hannu, ta ce sunanta Puan Rosnah, kuma ita ce makauniyar da ta buga hatimin.

Ba su zage ni ba. Rakiya suka yi min zuwa bayan ofis, har da baƙin biyu da ba wanda ya gayyace su. Can akwai wani dogon inji da ake ɗora shaf a kai a juya shi da gudu. Ankul Tan ya sa aka ɗora wani sabo da ba a gama aikinsa ba, aka kunna. Ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalmina. Aka kashe, ma'aikacin ya duba allon injin, ya manna ɗan ƙarfe kamar kwalin ashana a wani wuri, aka sake kunnawa. Shiru, kamar ba ya juyawa. Puan Rosnah ta ce babu bututun shaf da ke fitowa daga masana'anta nauyinsa daidai ta kowane gefe, sai an nemo inda ya yi sauƙi an ƙara masa. In ba haka ba, zai yi ta girgiza har ya cinye abin da ke riƙe da shi, wata rana ya saki alhali kaya na rataye a sama, mutane na ƙasa. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin 'yar dalmar da masu gyaran taya ke maƙalawa a bakin ƙarfen taya. Na gani mana. Sau nawa na tsaya a kansu ina cewa su yi sauri.

Wato abin da na kira shaidar cuta, shi ne shaidar an gama aiki. Da guduma na bi na cire gyaran.

Na tattara ɗan abin da ya rage min na murya na ce to a mayar da su, ai ga su nan duka uku, ban yar da ko ɗaya ba. Ankul Tan ya ce ba a mayarwa da ka, sai an dawo da shaf ɗin an sake ɗora shi a inji, an duba ko cizal ɗina ya ji wa bututun rauni, an sake fenti. Puan Rosnah kuma ta ce hatiminta a kan wancan shaf ɗin yake, wannan da na taɓa wani ne daban, sai ta sake dubawa, kuma ba ta da rana sai Talata mai zuwa. Na roƙe ta. Ni, da ko a asibiti ba na roƙo. Ta ce min da murmushi jiragen da ke gabana a layi su ma suna da gwaggo.

Jirgin Alhamis ya tafi ba mu.

Tun a ranar Talatar, a cikin tasin komawa, na shirya ƙarya kala uku: ruwan sama, masu kargo, takardun kwastan. Duk za su shiga. Amma yaron nan sunansa ya ajiye, kuma in zai tsaya gaban ogansa gara ya san a kan me yake tsaye. Na kira shi na faɗa masa tiryan-tiryan. Da na gama sai ya jefo min tambaya.

"Gwaggo, da me kika cire su?"

"Da guduma."

"A ina kika sami guduma?"

"Aro na yi."

Ya ja numfashi ya ce, "Wato har fita kika yi nema."

Kwana shida jirgin ruwan ya ƙara a tsaye saboda ni. Sagiru ya sha takardar tuhuma, ya sha tsayuwa a ofis, kuma bai ɗora wa kamfanin Kepong laifi ba, ya ce wakiliyarsa ce ta wuce gona da iri wajen bincike. Aikinsa dai ya tsira da ƙyar. Ogan ya ce ba zai hana a sake ba ni aiki ba, tunda na faɗi gaskiya, amma da sharaɗi a rubuce: kaya daga kamfani sai filin jirgi, ba za su kwana a sitona ba. An turo min takardar, na bi ta da yatsa, wannan karon na gane kowane layi.

Saura zauren 'yan kasuwa. Na so in goge saƙon in yi shiru, amma mutum sittin sun riga sun ji, wasu sun tura gaba. Na sake dannawa na ce kamfanin ba su da laifi, ni ce jahilar, duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Sakan arba'in ya ɗauka. Hajiya Mairo mai kayan kicin ce ta fara amsawa, ta ce tukunyarta ta gas tana da wani ɗan ƙarfe a gindi da ba ta yarda da shi ba, ko zan leƙo da kayan aiki. Har yau a Chow Kit akwai masu gaishe ni da Hajiya Guduma, kuma ina amsawa, don ba ni da bakin musu.

Kada ku ɗauka na zama saliha. Har gobe ina buɗe kaya, har gobe ina faɗa, kuma masu son cutar mace ba su ƙare ba. Abin da ya sauya ɗaya ne. Yanzu in na ga abin da ban gane ba, sai in fara tambaya sau ɗaya, da ƙaramar murya, "Wannan na mene ne?" Kalma huɗu ce, ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Faɗan yana nan a ajiye, in amsar ba ta gamsar da ni ba na ɗauko shi, ban taɓa jin ya lalace don ya jira ba.