Ƙafar Baba da Birkin Kurtu

Ba zan taɓa mantawa da hawan nan na gaban Doguwa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi.

Ni bakanike ne a Tudun Wada, manyan motoci nake gyarawa. Surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba, yana da wata tsohuwar motar soja da ya saya a gwanjo yana jigilar masara da ita. Kurtu ake ce mata a gari. Ƙarfi kam ba a magana, amma in ta ɗauko kaya ta kamo gangara sai birkinta ya ɗau zafi ya fara ƙauri, direba ya kama salati. Abin da ke cina shi ne, tunda na auri 'yarsa, Baba bai taɓa kawo mini Kurtu ba, ko da ɗaure noti ne. Ta ƙofar garejina za a wuce da ita a kai wa wani. (Matata ta ce kunya ce. Zuciyata ta ce raini ne, kuma na fi yarda da zuciyata.)

Ni ɗin ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa a tsugune, kai a ƙasa, "lafiya lau" da muryar da ni kaina ba na ji.

Rannan aka jawo gawar wata tirela garejinmu, na ciro birkin salansa a jikinta. Ga wanda bai sani ba, wani ɗan murfi ne a cikin bututun hayaƙi. In ka taka maɓallinsa, iska ta tura shi ya rufe, hayaƙi ya rasa hanya, injin ya shaƙe ya riƙe mota a gangara, birkin ƙafa ya huta. Tunda na ciro shi na kasa zaune na kasa tsaye. Na faɗa wa matata, ta faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba, amsa ta dawo ta hanyar da saƙon ya bi: a gwada, amma a gama kafin Juma'a, don Kurtu ce za ta kai maza ɗaurin auren ƙanen matata a wani ƙauye gaban Doguwa.

Na yanka bututu, na yi walda, na ɗaura abin ya zauna daram. Sai da na zo haɗa maɓalli na ga tiyon iskar ya gajarce, bai kai gefen direba ba. Mai hankali Kano zai shiga ya sayo dogo. Ni kuwa ƙafata ƙaiƙayi take, so nake a gani a yaba. Na huda ƙasan motar a tsakiya, kusa da giya, inda ƙafata ta dama za ta iya miƙawa, na dasa shi nan. Don kar ya yi muni na lulluɓe shi da guntun kafet, ya zama ɗan tudu mai laushi.

Ranar Juma'a na ce ni zan tuƙa, wai direba bai koyi abin ba. (Ƙarya nake, Baba nake so ya ga aikina da idonsa.) Maza suka cika baya, kowa ya ci farar shadda. Aka ba Limamin unguwarmu bakin taga, Baba ya zauna a tsakiya, kafaɗarsa na gogar tawa.

Lafiya lau muka ratsa dajin Falgore. Muna fita sai Baba ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, diddigensa ya sami ɗan tudun nan. Na ji "tsss", injin ya yi gurnani, mota ta dafe kamar an riƙe ta ta baya. Ya ɗaga, ta zabura. Ya sake dannawa, ta sake shaƙewa.

Kar ku ce ban gane ba. A take na gane. Ga ƙafar nan ina kallonta ta wutsiyar ido. Amma da wane bakin zan ce wa surukina ya ɗage ƙafa?

Na yi tari. Na sake yin tari. Liman ya miƙo mini goro.

"Baba," na ce, ina kallon sitiyari, "ko za a koma bakin taga? Can ya fi iska."

"A'a, nan ya yi mini daidai," in ji shi, ya ƙara murza diddige.

Shi kuma bututun Kurtu, irin na motocin soja, a tsaye yake bayan kan motar. Duk lokacin da Baba ya saki maɓalli, hayaƙin da ya taru sai ya fita gaba ɗaya, baƙi wuluk, ya sauka a kan masu farar shadda. Suka fara dukan rufin motar. Na gangara gefe na tsaya, na buɗe bonet, na ƙwanƙwasa wani ƙarfen da ba ruwansa, ina fatan Baba zai gyara zama. Na dawo na tarar bai motsa ba. Na sake tsayawa a gaba, na sake ƙwanƙwasa ƙarfen banza. Wani daga baya ya ce, "Ashe shi ya sa Alhaji ba ya kai masa mota." Wallahi maganar nan ta soke ni.

"Malam," na ce wa Liman, ko Allah zai sa Baba ya tsinci zancen, "ita mota wani lokaci ba ta son a taka ta ko'ina."

"Haka ne," in ji Liman, "komai ɗan lallami ne."

Sai ga hawan. Na sa giya mai ƙarfi, Kurtu ta kama tudu tana nishi. Muna tsakiya Baba ya ga hawan ya yi tsaye, ya dafe gaba da hannu, ya tokare ƙafa da dukkan ƙarfinsa. A ina? A kan ɗan tudun. Injin ya shaƙe yana neman mutuwa. Mota ta tsaya cak, sannan ta fara sulalewa da baya, ga mutane cike, ga kwazazzabo a gefe. Na taka birki, na ji shi yadda na san shi, ba abin dogaro ba ne.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai, ɗage ƙafarka mana!"

Ban tsaya nan ba. Na sunkuya na cafki ƙafar surukina da hannu, na ɗaga ta na jefa a cinyar Liman. Injin ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, Kurtu ta haye tudu kamar ba ita ba.

Ƙafar Baba na nan a cinyar Liman, ba wanda ya taɓa ta. Ni dai titi nake kallo, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da muka isa, maza suka sauko kamar masu sayar da gawayi, ango ya kasa gane kawunsa. Na zagaya na zube gaban Baba. Liman ne ya yaye kafet ɗin ya ga maɓalli, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

Baba ya leƙa ya kalli abin. Can ya ce, "Ashe birki ne. Ni na ɗauka ka ji labarin ciwon diddigen nan nawa, ka yi mini matashi. Tun daga daji nake sa maka albarka a zuci."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Tashi," ya ce. "Tunda ka auri yarinyar nan ban taɓa jin muryarka ba. Ashe akwai ta, har da ragi."

A dawowa birkin ya yi aiki a kowace gangara, ba ƙauri ba salati, amma ba wanda ya kula. Washegari da sassafe na shiga Kano na sayo dogon tiyo. Yanzu Kurtu garejina take zuwa, Baba da kansa yake rako ta. Sai dai duk ranar da na je gaishe shi, yana hango ni sai ya janye ƙafafunsa ya cusa cikin riga, ya ce wa na kusa, "Ku gyara, ga mai tsawa nan."

Abin da na koya bai wuce wannan ba: maganar da kunya ta hana ka faɗa a hankali a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai ka faɗe ta da ihu a tsakiyar tudu. Matashin kuwa na yi masa, na soso, na ɗaura a daidai wurin. Ba ya haɗe da komai.